Na Fizge Jarkar Mai a Hannun Uwar Ƙawata

Assalamu alaikum Anti Madina,

Don Allah ki taimake ni, kuma kar ki yi mini dariya. Ko kuma ki yi, amma idan kin gama ki ba ni shawara. Sau huɗu ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. Sunayen da zan kira duk na canza su, don a unguwarmu idan mutum ya yi atishawa a farkon layi, kafin ya goge hanci labari ya kai ƙarshen layi, balle yanzu da atishawa ta zama abin gudu.

Shekarata goma sha shida, a Daura nake, ina aji biyu a babbar sakandare kafin korona ta sa a rufe makarantu. Ba ni da surutu. Baƙi in sun zo gidanmu, gaisuwa kawai nake yi in shige ɗaki. Abin da na iya a duniya shi ne karatun littattafan soyayya, har Umma takan ce da littafi abinci ne da tuni ƙofa ta yi mini kaɗan. Ƙawata ɗaya ce tak, Ikilima. Katanga ce ta raba gidanmu da nasu, kuma akwai inda ta ɗan zaizaye a gindin darbejiya. Ta nan muke miƙa wa juna littafi. Duk wadda ta gama sai ta saka 'yar takarda a ciki, ta rubuta wanda ya ba ta haushi da wanda ya sa ta kuka. Shekara huɗu ke nan muna haka.

Mahaifiyarta, Inna Maiturare, ƙosai take soyawa. Babansu fataucin dabbobi yake yi, kuma kullen nan ya rutsa da shi a ƙetaren iyaka, don haka yanzu kaskon Inna ne yake riƙe da gidan. Duk azumi kuwa, da la'asar sakaliya kwanon ƙosai mai zafi yake tsallako katanga zuwa gidanmu, mu kuma mu miƙa kunun tsamiyar Umma. Tun ba a haife ni ba haka ake yi.

To, ranar da labari ya bazu cewa za a rufe gari, hankalin Umma ya tashi. Baba ya tafi neman gero da shinkafa, ni kuma ta aike ni in sayo man gyaɗa, ta ce kar in kuskura in dawo hannu biyu. A nan zan faɗi laifina na farko. Na ce bari in ƙarasa babi ɗaya kafin in fita. Babin ya zama uku.

Anti, ban taɓa ganin kasuwa haka ba, ko jajibirin Sallah. Kowa ya rufe fuska da takunkumi, ido kawai ake gani, idanun kuma duk a zare. Na ga wani dattijo ya rungumi kwalin ashana guda, sai ka ce shi aka ɗora wa hura wutar garin. Wata mata ta sayi tsintsiya ta fi goma, ban san me za ta share ba. Wani ya ɗaure buhunan gishiri a bayan babur har gaban babur ɗin yana ɗagawa. Citta da tafarnuwa da lemon tsami kuwa ko na magani babu, wai an ce su ne maganin cutar. Shago uku na shiga, kowanne a ce mini mai ya ƙare tun hantsi. Sai muryar Umma ta dinga yi mini yawo a kunne, ga kuma babi ukun nan suna cina a zuciya.

A shago na huɗu na hango ta, jarka ɗaya tilo a can ƙasan kanta. Na kutsa cikin mata, ni da ko layin famfo ban iya kutsawa ba. Ina kama mariƙinta, sai ga wani hannu shi ma ya kama. Wata mata ce cikin hijabi da takunkumi. Ban dubi fuskarta ba. A raina sai na ji na zama jarumar littafi, wadda danginta duka suke jiran ta ceto su. Na fizge da iya ƙarfina. Matar ta ɗan riƙe kaɗan, sannan ta saki. Garin fizgar jarkar, hijabina ya zame baya, sai ta miƙo hannu ta gyara mini shi a goshi, ta juya ta fita. Har haushi na ji, wai a wannan lokaci wata za ta taɓa ni.

Sai da na hau keke napep ina rungume da jarka kamar jaririya, ina jin daɗin nasara, sannan hannun ya dawo mini a ido. Akwai tabon ƙunar mai a bayansa, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Hannun da ya miƙo mini ƙosai ya fi sau dubu. Anti, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da keken da jarkar duk mun shige.

Ki ji abin da na tarar a gida. Baba ma tsoro ya kama shi ya sayo jarka biyu. Kawu Sada ya aiko da ɗaya daga Mai'adua. Umma kuma tana share ƙarƙashin gado don a sami wurin ajiya, sai ga wata da ta ɓoye tun bara ta manta. Jarka biyar a gidan mutum huɗu! Amma duk a cikinmu babu wanda ya tuna da gishiri. Kwana biyu da kulle Umma ta leƙa ta katanga ta roƙa, Inna Maiturare ta ciko mana kwano har yana zuba. Ni aka ce in karɓo, na ce cikina ke ciwo.

Yau azumi biyar. Ranar farko kwano ya tsallako kamar kullum, muka buɗe, sai muka ga alale. Washegari ma alale. Umma ta tambaye ta ina ƙosai bana, ta yi dariya ta ce ai baki ma yana son canji. Amma ni na hau turmi na leƙa, na ga kaskonta a kife a jikin bango. Duk layinmu babu ƙamshin suya, alhali ko da kullen nan maƙwabta za su saya ta katanga. Alalen yana da daɗi wallahi, amma a maƙogwaro yake tsaya mini.

Abin da ya fi damuna shi ne Ikilima. Shekaranjiya ta ajiye mini littafi na uku na labarin da muke bi a kan katanga, wanda na yi wata biyu ina jira. Babu takarda a ciki. Na kaɗa shi sau uku, na bi shafi-shafi, babu. Wannan bai taɓa faruwa ba. Na kasa karanta ko layi ɗaya, ga shi a ƙarshen na biyu an bar yarinyar a tasha da akwatinta, ban san ko saurayinta ya zo ba.

Na yi tunanin dabaru. Ko in ɗaure jarkar da igiya in zura musu da rana tsaka lokacin da kowa yake kwance, ba tare da an san wanda ya kawo ba. Ko in rubuta wa Inna wasiƙa, har na fara, ta kai shafi shida, ni kaina na yi kuka a shafi na huɗu. Ko kuma in yi shiru har a buɗe gari, tunda ina da takunkumi a ranar, wataƙila ba ta gane ni ba. Umma ba ta san komai ba, kuma Inna kamar yayarta take, idan ta ji ban san inda zan sa kaina ba. Amma idan na rasa Ikilima, Anti, ba ni da wadda zan yi wa magana a duniyar nan sai bango.

Shin ta gane ni? In faɗa ko in yi shiru? Don Allah ki amsa kafin alalen nan ya shaƙe ni.

Taki,
Mai Ɓuya a Bayan Littafi, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata,

Na yi dariyar tunda kin ba ni izini, musamman a wajen jarkar ƙarƙashin gado. Ki kwantar da hankalinki, a ranar nan ba ke kaɗai tsoro ya ruɗa ba. Ni mai ba ki shawarar nan, tumatirin gwangwanin da na jibge zai kai mu baɗi. An aike ki, kin makara, kina tsoron faɗa, kowa a kasuwa yana wawaso. Duk wannan uzuri ne, kuma na karɓa.

Sai dai uzuri bai mayar da kaskon Inna kan wuta ba. Fizge abu a hannun babba ba daidai ba ne ko da ba ki san ta ba. Kuma ki lura da yadda ƙarancin nan yake faruwa. Mai bai gudu daga Daura ba, yana ƙarƙashin gadajen mutane irinmu. Gida ɗaya ya tara biyar, gidan da sana'arsa ke nan ya rasa ɗaya. Ba mugunta ta kawo haka ba, tsoro ne, amma gyaransa yana hannunku.

Kin tambaye ni ko ta gane ki. Ki koma ki karanta wasiƙarki. Matar da ba ta san ki ba, kika fizge mata jarkar ƙarshe a gari, ba za ta tsaya gyara miki hijabi ba. Harara za ki sha, ko abin da ya fi harara. Wadda ta san ki tun kina jaririya, ƙyallen atamfa ba zai ɓoye mata ke ba. Ta gane ki sarai. Ba ƙarfinki ne ya ƙwaci jarkar ba, sakar miki ta yi don kar a yi miki faɗa a gida. Bayan haka ta ciko muku kwano da gishiri, ta rufa miki asiri a gaban Ummanki. Wannan ba halin mai riƙo ba ne.

Don haka ki ajiye igiya. Jarkar da ta sauko babu suna, ki bar wa marubutanki, a gidan gaske sai dai ta jawo tambaya. Wasiƙar shafi shida ma ki adana abinki. Shiru kuwa shi ya fi duka muni, don kowace rana da kika ƙara, kwana ɗaya ne na cinikin Inna ya tafi.

Ki fara da Umma, yau ɗin nan. Ki zaɓi lokacin da take zaune, ba tana gaban murhu da azumi a bakinta ba. Ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, har da babi ukun. Za ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha, ba ya kisa. Ina kyautata zaton kunyar jarka biyar za ta fi damunta a kan laifinki. Ki roƙe ta ku ba da biyu, ba ɗaya ba. Ba sai kun karya dokar kulle ba, katangar da take ɗaukar littafi da kunu za ta ɗauki jarka. Ki wanke hannu, ki hau turmin nan naki, ki miƙa da kanki. Ki gaishe ta, ki ce ke ce a shagon nan, kin yi kuskure, ta yafe miki. Magana uku ce, mai kunya ma za ta iya. Idan ta yi kawaici ta ƙi karɓa, ki bar Umma da ita, sai Umma ta ce gidanku ne ya gaji da alale.

Ikilima kuma, wataƙila ta ji haushi saboda mahaifiyarta, kuma tana da gaskiya. Wataƙila ma ba ta san komai ba, damuwar gida ce ta hana ta rubutu. Ko wanne ne, wannan karon ke za ki fara sa takarda. Layi biyu ya isa. Ƙawancen shekara huɗu ya fi ƙarfin jarka ɗaya, muddin ba a bar shi da shiru ba.

Idan kin gama duk wannan, ki je ki ɗauko yarinyar nan daga tasha, ta daɗe a tsaye. Amma daga yau in an aike ki, a rufe littafi tukuna.

Kar ki ji tsoron katangar nan, 'yata. Hannun da ya gyara miki hijabi a tsakiyar turmutsutsu ba zai ture ki ba. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya dawo da baban Ikilima gida lafiya, Ya yaye mana wannan cuta, Ya sa kafin Juma'a ƙamshin ƙosai ya cika layinku.

Taki,
Anti Madina