Gaisuwar da Na Haɗiye

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da iyalinsa. Ina gwiwar ta kwana? An ce min kin daina shafa maganin, wai warinsa ya dame ki. Shekara goma sha bakwai ina lallaɓa marasa lafiya su sha magani, ke kaɗai kika gagare ni. Mu nan lafiya lau, jikokinki da babansu suna gaishe ki. Tun da kunnenki ya ƙi waya na koma wa takarda, ko da yake na san za ki bi ta da jan biro kamar har yanzu ina ajinki.

Inna, na yi abin da da kina wurin, da kin mayar da ni bakin ƙofa kin ce in sake shigowa, yadda kike yi wa ɗalibanki. Na ga wadda ta girme ni, mun haɗa ido, na wuce ban gaishe ta ba.

Bari in faro miki daga tushe. A sashenmu na masu fama da shaye-shaye muna da wata ƙa'ida: idan muka haɗu da wanda muka yi jinya a waje, ba mu fara gaishe shi. Sai in shi ya fara. Dalili kuwa, muna buɗe baki na kusa da shi zai tambaya a ina suka san juna, kuma kowa ya san inda muke aiki. Gaisuwarmu tana iya tona asirin da mutum ya yi shekara yana rufewa. Ranar sallama mukan zaunar da mutum mu yi masa wannan bayani, har akwai gurbi a takarda da muke sa wa alama.

Akwai wata baiwar Allah da ta yi mako bakwai a hannuna. Aiki ya hana ni faɗin sunanta, sai mu ce Mai Ɗinki. Ta ba ni shekara goma sha biyar ko fiye. Bayan rasuwar mijinta barci ya ƙaurace mata, ta fara da ƙwayar barci, ta ƙare da maganin tari, kwalba biyu a yini. Kwanakin farko ni nake riƙe mata roba tana amai, jikinta na rawa, tana zagina. Da ta dawo hayyacinta sai ga mace mai ban dariya. Ta dubi rigar aikina ta ce wanda ya ɗinka ta bai ji tsoron Allah ba, ta roƙi allura da zare. Na ce ba a shiga da allura ɗakin. Ta ce to in ci gaba da yawo kamar buhu.

Ranar Asabar da safe na shiga kantin da ke kusa da tashar mota sayen sabulu, sai ga ta a layin biya, tare da wata mata da ban sani ba. Ta yi ƙiba, ta yi fes. Ta tsaya tana kallona, fuskarta a sake, tana jiran abin da babba yake jira daga ƙarami. Gaisuwar ta zo min har bakina, na haɗiye ta, na mayar da ido kan sabulu ina karanta farashi kamar wadda za a yi wa jarrabawa. Na fito ina yaba wa kaina, wai na rufa mata asiri.

Ranar Talata ce ranar dawowarta ganin likita. Wata biyar ba ta taɓa fashi ba, ita ce ta farko a benci. Wannan Talatar ba ta zo ba. Na ɗauko fayil ɗinta, na buɗe takardar sallama. Gurbin nan babu alama. Sai na tuna ranar da aka sallame ta wata majinyaciya ta faɗi a banɗaki, na bar ta zaune da jaka a cinya na ruga, da na dawo ’yarta ta tafi da ita. Ban taɓa gaya mata ƙa'idar ba, Inna. Abin da ta sani kawai shi ne na gan ta na kau da kai.

Maganin da ke hannunta ba zai wuce kwana goma ba. Ki sa ta a addu'a, ko da ba suna.

Taki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, takardarki ta iso, da gyara huɗu. Na karɓi uku, na huɗun ina da ja. Na ji daɗi da kika koma wa maganin gwiwa.

Kin ce in ɗauki ƙafa in je gidanta in ba ta haƙuri, magana ta ƙare. Wallahi abin da raina yake so ke nan. Har na shirya dabara: in ɗauki atamfar da kika aiko min in kai mata ɗinki, ai kowa yana zuwa wurin tela. Na gaya wa likitanmu, dattijon nan da muke kira Sannu-a-Hankali don ko gobara aka yi ba ya sauri. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce atamfar tana da kyau amma ƙarya ce. Ya ce ba mu zuwa gidan mutum sai da izininsa, kuma maƙwabtanta sun ɗauka hawan jini ne ya kwantar da ita. Na ji haushinsa yini guda, haushin da ake ji idan mutum ya fi ka gaskiya.

Na kira wayarta sau uku, ba ta ɗauka ba. A na huɗu ’yarta ta ɗauka, ita kaɗai ce ta san komai, kuma tun farko uwar ta yarda mu riƙa magana da ita. Ta ce tun ranar Asabar ɗin uwar ba ta hau keken ɗinki ba, ɗinkin mutane na nan jibge. Matar da na gani tare da ita ƙanwar mijinta marigayi ce. Ta ce da suka koma gida uwar ta shige ɗaki, sai da aka matsa mata ta ce, “Wadda ta wanke min amai ma ta ga ban kai a gaishe ni a gaban mutane ba. To wa kuma ya rage?” Yarinyar ta ƙara da cewa ta ga kwalba a cikin akwatin zare.

Inna, na yi kuka a ɗakin ajiye magani, inda ba mai shiga sai mai mabuɗi. Mun tsara ƙa'idar nan don kada mutum ya ji kunya, ga shi na ɗauke ta na kunyata mace da ita. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na fito daga kantin ina jin na iya aiki.

Da yardar likita na rubuta mata ’yar takarda, ’yarta ta zo ta karɓa. Na yi mata bayanin ƙa'idar, na ce laifina ne da ban gaya mata ba. Ban ce ta dawo asibiti ba, ban ambaci kwalba ba. Na ce duk Asabar ƙarfe goma zan kasance a kantin nan wurin sabulu, ina neman izini in gaishe ta. In ta zo, na san ta ba ni.

Na je Asabar biyu, ba ta zo ba. Yanzu sabulun da ke gidana ya ishi unguwa, baban yara har ya tambaya ko sana'a zan fara. Maganinta ya ƙare tun makon jiya.

Ki gaida Yaya, ki ce ina nan tafe hutu.

’Yarki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Wannan gajera ce, a lokacin hutun rana nake rubuta ta.

Ta zo, Inna. Asabar ta uku, har na fara shirin tafiya. Ta rame, mayafinta ba guga, kuma ba ita kaɗai ba ce, ta sake zuwa da ƙanwar mijin nan. Na ce a raina ko izinin na ita kaɗai ne, ko da baƙuwar ma? Na tsaya riƙe da sabulu kamar sakarya. Ta tako har gabana, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ke dai har yanzu ba a koya miki gaisuwa ba?”

Na rusuna na gaishe ta, irin gaisuwar da kika koya min, da tambayar gida da yara da aiki, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi min rangwame ba. Sai abin da muke gudu ya faru, matar ta tambaya wace ce ni. Na buɗe baki zan ce mun san juna ne kawai, Mai Ɗinki ta riga ni. Ta ce, “Ita ce ta yi jinyata. Ba hawan jini ba ne, Gwaggon yara, maganin tari nake sha. Na gaji da ɓoyo.”

Matar ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta miƙa hannu ta karɓi kwandon da ke hannun Mai Ɗinki ta riƙe mata. Ban san abin da suka ce wa juna a hanya ba, kuma ba hurumina ba ne.

Ranar Talata na tarar da su biyu a benci. Da ta shiga ofis ta ciro kwalbar daga jaka ta dire a kan teburin likita. Saura rabi. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba ta sha ba, wata biyar ɗin nan sun tafi, kuma da hannuna a ciki. Na faɗa mata haka. Ta ce in bar cika baki, ita ta buɗe kwalbar ba ni ba, in ɗauki nawa in bar mata nata.

Likita ya sa an canja takardar sallama. Yanzu ba bayani muke yi ba, tambaya muke: in mun haɗu a waje, wa kake so ya fara? A fayil ɗinta ita ta karɓi biron ta rubuta da hannunta: “Ita. Ai na girme ta.”

Mun koma ƙirga kwanakin da ba ta sha ba, daga ɗaya. Yau kwana tara.

Ki huta lafiya, ki ci gaba da shafa maganin.

Taki har kullum,
Auta