Ranar da Na Kira Sunan Ɗanmu a Filin Dambe

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, ina sanar da kai cewa ɗanka na fari ya gaji hannunka, ya kuma gaji taurin kanka.

Kai ka koya mini kallon 'yan dambe, lokacin da nake sayar da fura a bakin fili a Gwandu. Kakan ce, bakin ɗan dambe na ƙarya, ƙafarsa ba ta yi. In tsoro ya shige shi, sai yatsun ƙafa su dinga tonon ƙasa, ido ya bar abokin karawa ya koma kan makaɗa.

Haka na gan ka ranar damben Kalgo. Kana kirari har jijiyar wuya ta tashi, yatsunka na haƙa rami. Naushin abokin karawarka ya same ka a gefen kai, na ji ƙararsa kamar an fasa ƙwarya. Jini ta kunne, jini ta hanci. Ba ka kai asibiti ba.

Bana bayan girbi, yaron ya naɗe hannu da zare ya shiga wannan filin da ka faɗi, gaban wani ƙato daga Maruda. Turmin farko aka fasa masa gira. A na biyu ya fito yana dariya, jama'a na ta kirarin jarumi. Ni ƙafarsa na duba. Tana tono.

Ka san kunyar ɗan fari a gidanmu. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ko ciwo yake sai in kau da kai. Ran nan na ture masakin fura, na ƙwala masa kira da sunansa a gaban maza.

Ya waiwayo, don bai taɓa jin sa a bakina ba. Ƙaton ya sauke masa hannu a muƙamuƙi, ya zube, haƙora biyu a ƙasa. Aka tashi wasa.

Yanzu kunu kawai yake iya sha, kuma ba ya yi mini magana. Mata na cewa na zubar da kunya. Su faɗa. Kullum da safe ina jin tarinsa ta bayan zana, abin da na roƙa a kanka ban samu ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sanyaya zuciyar yaron nan.

Taka har kullum,
Uwar Bello