Ranar Da Aka Sako Ruwa Babu Karatu

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan uwa. A saka mini wannan ba tare da suna ba. Don Allah ku ba ni shawara, don ni yanzu ban ma san abin da nake ji ba, kuka na neme shi na rasa.

Ni matar aure ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, mijina manomin rani ne. Babbar 'yarmu, bari na kira ta Ummi, tana aji ɗaya a ƙaramar sakandaren gwamnati ta garinmu. Tun ina budurwa nake son littattafan soyayya irin na kasuwa, har yau akwai akwati guda cike a ƙarƙashin gadona. A cikinsu na koyi mafarki, na ɗauka aure shi ne miji ya kalle ki ya ce abin da ranki ke so shi za a yi. Mijina ba mugu ba ne, sai dai ba mai magana ba ne.

'Yan matan unguwa sun saba zuwa aro wurina. In suka tarar ina tsintar shinkafa, sai na ce wata ta karanta mana a fili mu ji. Wallahi ba gwaji na yi niyya ba. Amma a haka na lura 'yan makarantar garinmu, har 'yan aji uku, sai su yi ta in'ina a layi ɗaya suna bin harafi da yatsa, ƙarshe su fashe da dariya su miƙa wa wata. Akwai kuma wasu 'yan gida ɗaya su biyu da babansu ke kaiwa a babur wata makarantar ta bakin titin Bunkure, ita ma ta gwamnati ce. Su karatu suke kamar a rediyo, har kauri suke sa wa murya in saurayi ne ke magana. Na ce su nuna mini littattafansu na lissafi da Turanci, ko'ina jan biron malami. Na buɗe na Ummi, babu ja ko ɗigo tun farkon zango.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malamanmu yawanci 'yan gari ne, kowa da fulotinsa na noman rani. Ruwan kanal kuwa bi da bi ake sakowa, ranar da ya zo ɓangarenmu in ka yi sake tumatirinka ya ƙone. To ranar malamai leƙowa kawai suke su wuce ban ruwa, yara maza su bi iyayensu, matan a ce su share aji su tafi gida. Lokacin tsinkar tumatir ma haka. Can makarantar bakin titin kuwa duk shekara sai ka ji yaransu sun ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya, mu ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Sai na faɗi wannan maganar a gidan suna, cikin hira. Abin da ban gaya muku ba, shugaban makarantarmu yayan mijina ne, Yaya Malam muke ce masa. Filin makarantar ma marigayi babansu ne ya yanka daga gonarsa ya bayar, mijina da kansa ya ɗebi yashi ranar gayyar ginin. Kafin la'asar magana ta zama wai na ce Yaya Malam jakai yake yayewa. Iyaye suka hana 'ya'yansu shiga gidana, wai soyayya nake koya musu. In na wuce sai na ji ana cewa ga sufeto mai akwati nan. Surukata ta kira ni, ta ce tunda ni ce mai auna ilimin gari, na faɗa mata mudu nawa nawa ya kai. Na durƙusa na ba da haƙuri. Yaya Malam kuwa har yau yana amsa gaisuwata da fara'a, abin da ya fi damuna ke nan.

Yayata da ke aure a Bunkure ta ce na kawo mata Ummi riƙo, waccan makarantar ta bakin titi kusa da ita take. Na samu mijina da maganar, na yi kwalliya, na tsara kalamai kamar yadda ake yi a littafi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in 'yar gidan ta gudu daga makarantar kakanta, da wane baki yayansa zai ce wa wani ya kawo nasa ɗan. Ya ce gyara ake yi, ba gudu ba. Na ce kafin a gyara yarinya ta gama aji uku. Sai ya sa hularsa ya ce na yi yadda na ga dama, kuma matan aure kun san abin da wannan ke nufi. Tun ranar a majalisa yake cin abinci. Ina dafawa, ina rufewa, da safe na ba kaji. Na zaci zan ji zafi, ban ji komai ba.

Jiya Ummi ta dawo tun hantsi da tsintsiya a hannu, an sako ruwa. Ta zauna kusa da ni ta ce, “Umma, in na zauna a nan ma ai zan iya zama nas ko?” Na ce mata sosai ma, in sha Allah. Ko muryata ba ta yi rawa ba. Ta ji daɗi ta tashi ta tafi ɗebo ruwa.

'Yan uwa, sabon zango ya kusa, yayata tana jiran amsa. Na kai ta, na riƙe wannan maganar tasa a matsayin izini alhali na san ba izini ba ce? Ko na bar ta a nan na zauna lafiya da dangin mijina, na ci gaba da ce mata sosai ma? Wanda ya taɓa cire ɗansa daga makarantar ɗan uwansa, don Allah ya gaya mini yadda suka ƙare.