Fuskar Idi Tana Cikin Gwangwaninku

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin da ya nuna mana fim ɗin tarihin sojan sama,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Isiyaku, ina aiki a wata masaƙa a Sharada, ina zaune a Panshekara. Na biyo ta jarida ne don ba ni da wata hanya. Ranar hutuna Lahadi ce, ofishinku a rufe. Da na saci jiki na zo ranar aiki, mai gadinku ya mayar da ni, a masaƙa kuma aka yi mini kashedin kora.

Lokacin yaƙin basasa ni lebura ne a filin jirgin sama. Mu ke tura tsani, mu ja mesar mai, mu tsaya gindin jirgi yana ruri. Can na baro kunnuwana. Shi ya sa yau aka ajiye ni a ɗakin da injinan saƙa suka fi ƙara, fomanmu ya ce ai ni ba ni da sauran abin da zan rasa. Na roƙi canji, an nuna mini ƙofa. To mai iyali ina za shi? Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Na farko, fim ɗinku. Mun kalle shi a zauren maƙwabcinmu mai talabijin. Ni kurma ne, da ido na bi shi daga farko har ƙarshe. Na ga matuƙa, na ga hafsoshi, na ga Turawa masu koyarwa ana ta haska murmushinsu. Ban ga lebura ba, ban ga matan da ke dafa mana abinci ba, ban ga 'yan Nijar da muka yi gumi tare ba. Wuri ɗaya aka nuna ƙeyoyinmu muna tura tsani, kafin in nuna da yatsa an wuce. Sai ka ce jirgin nan da kansa yake shan mai, kamar jaki a bakin rafi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Akwai abokina Idi, mutumin Maraɗi, wanda wutar mai ta kashe a filin nan, ya bar matarsa Baraka da ciki. Idi bai taɓa ɗaukar hoto ba, cewa yake sai an gama yaƙi ya yi ƙiba tukuna. 'Yarsa Hadiza ta zama budurwa ba ta san kamanninsa ba. Ni kuwa ina nan ranar da mai ɗaukar fim ya wuni a cikinmu, ya sa Idi ya riƙe mesa yana dariya, ya kusanto da kyamara har fuskarsa. Don haka da aka yi sanarwar fim ɗin na je da kaina na ce wa Baraka, yau yarinya za ta ga ubanta. Suka yi kwalliya, suka shigo mota tun daga Na'ibawa. Hadiza ta zauna gaban akwatin ko ƙifta ido ba ta yi, tana jiran in taɓa kafaɗarta idan ubanta ya fito. Har aka gama ban taɓa ba. Wallahi da ƙasa ta tsage a ranar, da na shige.

Ranka ya daɗe, ban ce ku rage wa matuƙa darajarsu ba, sun cancanta. Roƙona biyu ne. In za ku sake shirya irin wannan, ku juyo da fuskokinmu, ku faɗi sunayenmu, ku yi shi da Hausa ma. Sannan an ce mini abin da kuka yanke daga fim ɗin ba zubarwa kuke ba, yana cikin gwangwani a sito. Ku buɗe wa yarinyar nan, ko da a tsaye za ta kalla, ko da ranar Lahadi ce.

Don Allah kada ku jinkirta. Da ni da uwarta kaɗai muka rage masu riƙe da fuskar Idi, kuma ta fara kuɓuce mana. Kwanan baya muka yi gardama da Baraka a kan kuncin da tsagarsa take. Hadiza ta rubuta mini a tafin hannu, Baba, ina kama da shi? Na gyaɗa mata kai, kuma har yanzu ban san ko gaskiya na faɗa mata ba.

Allah ya ja zamaninku, ya raba ku da ranar da 'ya'yanku za su nemi fuskarku su rasa.

Wassalam.

Isiyaku, Panshekara