Majigi ga Abdulhamid, Fina-finai ga Asma

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Hashimu, mahaifinku, na rubuta wannan a gidana na Greenbelt, nan ƙasar Turawa, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mini. Maƙogwaro ne kawai ya juya mini baya. Shekara ashirin da shida ina surutu a gidan rediyo, yau ga ni ko ruwa nake so sai na rubuta a takarda. Likita bai ɓoye mini komai ba, na kuma gode masa.

Na ɗaya. A binne ni a nan, kusa da mahaifiyarku Ɗija. Asma, ki karanta wannan da kyau: ba yayanki Abdulhamid ne ya hana a kai gawarta Zariya ba. Ni na ce a rufe ta a ranar. Ya ɗauki laifin, ni kuma na ja bakina don ina tsoron fushinki. Shekara biyu ke nan ba ku gaisawa, kuma ni ne sanadi. Abin yana cina. Ki yafe mini.

Na biyu. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara.

Na uku. Majigina da gwangwanayen fim goma sha tara ba sa cikin gado, na ba da su tun ina raye. Kun sha yi mini tsiya a kansu, wai Baba da tsofaffin bebayensa, don fina-finan ba su da magana. To, ku ji. Ina yaro aka kawo majigi filin makarantarmu, aka nuna wani Bature ɗauke da dogon katako a kafaɗa. Duk wanda ya kira shi sai ya juyo, katakon ya mangare na bayansa. Na yi dariya har na faɗo daga benci. Da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, na tarar ana gwanjon irin fina-finan nan a ƙofar wani gida a garin Upper Marlboro, na ji kamar na gamu da ɗan unguwarmu.

Kada ku raina mutanen cikin fina-finan nan. Da jikinsu suke faɗowa daga tsani, ba dabarar kwamfuta. Bokitin fenti ya kife wa mutum a ka, 'yan sanda goma su biyo shi, ya tashi ya kaɗe hularsa ya ci gaba da tafiya. Ban taɓa ganin wanda ya zauna yana ƙullatar tsanin ba. Yanzu da muryata ta tafi, jikokina kuma sai Turanci, da fina-finan nan muke hira.

Na huɗu. Majigin na Abdulhamid ne, gwangwanayen kuma na Asma. E, da gangan na yi. Ɗaya ba ya amfani sai da ɗaya. Kuma kun san hannun baya na majigin ya karye tun kuna ƙanana: sai wani ya tsaya yana naɗe fim ɗin da hannu, aikin mahaifiyarku ke nan, wani kuma yana saka wa bebayen magana da Hausa, yadda nake yi. Na hana a gyara shi. Asabar ta farko a kowane wata ku haɗu, ku da 'ya'yanku, ku kalla tare. Abdulhamid, kada ka kawo mini zancen cunkoson motoci a hanyar gidanka na Woodbridge. Asma, na san akwai fina-finan a waya, ban tambaye ki ba.

Ban ce dole ku yi wa juna magana a ranar farko ba. Ku sa gwangwani na bakwai, akwai wani mai katako a ciki. Kowa ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa. Na san ku, dariyar mahaifiyarku gare ku, ba za ku kai minti biyu ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya raya zuriyarku. Ku riƙe juna. In kuka faɗi, ku kaɗe hula ku tashi.

Mahaifinku,
Hashimu