Notin da ya ƙi kwancewa a wayar maigidana

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi min uzuri kafin a yanke min hukunci. A makarantar yaƙi da jahilci na koyi rubutu, ku yi haƙuri da yadda zai zo.

Damina ce ta bana, ruwa ya yi kyau, kowa a Kangire yana murna, ni kuwa ko ɗanɗanon abinci ba na ji. A gona maigidana ya yanke jiki ya faɗi, Allah Ya karɓi abinsa. Wayarsa ta faɗa cikin kunyar gona, sai bayan ruwa ya ɗauke aka tsinto ta, ba ta kawo wuta. A cikinta akwai muryarsa, karatun da yake ɗauka bayan asuba, da wasan da yake yi da jikoki. Babban ɗana da ke aiki a Kano ya ce kada kowa ya taɓa, in ya dawo zai kai wa mai gyara. Ya ba ƙanwarsa ajiya, wadda take aure a Maruta, ta zo taya ni zaman takaba.

Ina takaba, ba fita zan yi ba balle in kai wayar Birnin Kudu. Wata rana da hantsi 'yata ta tafi markaɗe, na ɗauko wayar daga akwatinta. Cewa na yi in buɗe in shanya cikinta, ko ta bushe in ji shi ko sau ɗaya. Na ɓare murfin baya, na ga notuna ƙanana kamar ƙwayar gero. Da ɗan sukundireban keken ɗinkina na kwance su, sai guda ɗaya ya ƙi. Na murɗa, ya ƙi. Na sa bakin wuƙa, kansa ya cinye. Shekara da shekaru in notin keke ya ƙi, mai nake ɗiga masa. To me zai sa in yi tunanin wannan daban ne? Na ɗiga man keke, na ƙara, na ga ya shige ciki. Notin bai motsa ba. Na mayar da sauran, na rufe, na ajiye inda na ɗauko.

Da ɗana ya kai ta, mai gyara ya ce ruwan sama da sauƙi, amma an riga an taɓa ta, mai ya jiƙa injin, babu abin da zai fito. Sai da ya huda notin kafin ya cire. Ɗana ya kawo shi a ƙulle cikin leda, ya ajiye a gabana, ya dubi ƙanwarsa.

Ya ce, "A hannunki na bar ta. Muryar Baba ce fa."

Ta rantse ba ta buɗe ba. Ya ce wa kuma ke shiga akwatinta? Ta juyo gare ni ta ce, "Inna, ki faɗa masa mana."

Na ce su yi haƙuri, ƙaddara ce. Abin da na iya faɗa ke nan. Wace irin uwa ce wannan? Ko hawaye ban yi ba, ina zaune ina kallon ledar.

Ta koma Maruta tun kafin in fita takaba. Yanzu ba sa gaisawa, da matarsa ta haihu ma ba ta je suna ba. Kowannensu ni yake kawo wa ƙarar ɗan'uwansa, ina saurare, ina cewa Allah Ya daidaita. In na faɗi gaskiya, da wane ido zai dube ni? Ita kuma da na bari ta sha wannan a gabana?

Jiya da la'asar na yanke zan gaya masa. Yau da safe na ciro notin daga aljihun keke inda nake ajiye allurai, na riƙe shi a tafin hannu, na kira shi. Ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, ya mai jego. Muka yi sallama, na mayar da notin wurinsa.

Jama'a, me zan yi?