Baba Ya Dawo da Likkafaninsa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, 'yarki Rabi ce daga Matameye. Inna, albishirinki! Baba ya je Damagaram ya dawo da ƙafafunsa, kuma yana gani.

Tun da aka tura ki babban asibitin Damagaram ba ki dawo ba, ko zancen wurin ba ya so. Bayan rasuwarki yanar ido ta rufe masa gani, har masallaci sai an ja masa sanda. Likitan garinmu ya ce aikin sai Damagaram, Baba ya ƙi ƙememe. Ana nan na haifi mace, muka sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Ta yi wayo, ga surutu, amma fuskarta sai dai ya shafa da hannu. Wannan ne ya karya masa taurin kai.

Da kin ga shirin tafiyar! Ya bi gida-gida yana neman gafara, ya bar wa Yaya Sani wasiyyar gona, ya cusa likkafanin nan da ya tsoma a zamzam a ƙasan jaka. Aikin ido fa, Inna! Na yi dariya har da riƙe ciki. A mota kuma dariyar ta koma kuka, domin ke ma haka kika yi mana sallama.

Wallahi ba za ki gane asibitin ba. Sababbin gine-gine, ɓangaren ido daban, na haihuwa daban, ga injin da ake shigar da mutum a ɗauki hoton cikin jikinsa, irin abin da a da sai an kai Yamai. Na tsaya ƙofar ɗakin baki buɗe kamar baƙauya. Na ce da a zamaninki ne... sai na yi istigfari na wuce. Likitar da ta yi masa aikin 'yar garin Kance ce, da Hausa ta yi ta lallashinsa har ya saki jakar.

Washegari aka cire masa bandeji. Abin da ya fara faɗa, wai na tsufa! Kin dai san mutumin naki.

Da muka iso gida unguwa ta cika, guɗa ta ko'ina. Bai kula kowa ba, ya durƙusa gaban Ummi. Ta yi masa dariya, ya ga wushiryar nan taki. Mutumin da bai taɓa kama sunanki a gabanmu ba, sai ga shi a tsakar gida yana ta "Hadiza, Hadiza," hawaye na zuba daga idon da aka gyara.

Likkafani ya koma akwati. Ya ce ya jira tukuna, yana da abin kallo. Yanzu shi ke damuna da tambayar yaushe za a yi ɗaya idon.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya saka wa likitocin nan da alheri, ya nuna wa Baba fuskarki a Aljanna kamar yadda ya nuna masa ta Ummi.

'Yarki mai kewarki,
Rabi